Kalmar "Diligence" Da Abin Da Ke Cikinta

'Yan'uwa 'yan makaranta, akwai wata kalma ta Ingilishi da mu ke so mu warware muku yau, watau diligence. Galibinku kun taɓa gamuwa da ita, ko a littafin karatu, ko a takardar shaida da malami kan rubuta wa yaro in zai bar makaranta. In an tambaye ku ma'anarta, wani ya ce himma, wani ya ce ƙwazo, wani ya ce naci. Duk kun kusa, amma ba wanda ya kama ta gaba ɗaya.

Mai himma shi ne wanda ke tasam ma aiki da zafi, amma sau da yawa himmar safe ba ta kai la'asar. Naci kuwa yana daɗewa, amma ai ƙuda ma yana da naci, ba mu kuwa taɓa jin an yabe shi ba. Ita wannan kalma sai an gama abu biyu: dagewa a kan aiki kullum, da kuma kula da shi har ƙananan abubuwansa. A ce yara biyu aka ba su lissafi ashirin. Ɗaya ya gama tun kafin a kaɗa ƙararrawa, ya kife allo, ya shiga hira. Ɗayan ya gama, ya koma tun daga na farko yana bi, ya tarar ya manta ya riƙe ɗaya a na bakwai, ya gyara, gobe ma haka, jibi ma haka, ko malami na nan ko ba ya nan. To, na biyun nan shi Turawa ke kira diligent. Aikin da ya yi kuwa sai su ce ya yi shi diligently.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne asalinta. Ingilishi sun aro ta daga Faransanci cikin ƙarni na 14, su kuma Faransawa sun gaje ta daga Latin, harshen Rumawan dā. A can tushenta diligere ne, ma'anarsa a zaɓi abu daga cikin 'yan'uwansa, a ga darajarsa, a ƙaunace shi. Ashe ƙauna ce a gindin maganar! In kun lura da makiyayin da ke son shanunsa, kun ga haka. Ba sai an ce masa ya duba kofato ko ya cire kaska ba, son abin ne ke buɗe masa ido. Kishiyarta, negligence, watau sakaci, daga tushe guda su ke, ita tana nufin a ga abu a ƙi tsince shi.

Kalmomi kuwa suna da yawo kamar fatake. A Faransa kalmar nan ta karkata wajen hanzari, har aka laƙaba ta ga manyan kekunan doki masu ɗaukar matafiya daga gari zuwa gari cikin ƙarni na 18 da na 19, kafin jirgin ƙasa ya kore su. Saboda haka wanda ya karanta a tsohon labari cewa wani ya hau diligence zuwa Faris, kada ya ruɗe, keke ya hau. Lauyoyi da 'yan kasuwa kuma suna da tasu, due diligence, watau binciken da ya wajaba mutum ya yi kafin ya sayi kamfani ko gida ko ya sa hannu a takarda, don kada ya yi cinikin biri a sama.

In kuna son ku ga ma'anarta a jikin mutum, ku dubi wanda ya tsara babban ƙamus na Ingilishi na Oxford, James Murray, mutumin Sikotlan, ɗan tela, wanda ya bar makaranta yana da shekara 14. A 1879 aka danƙa masa aikin, ana tsammanin shekara 10 ta isa. Ya sa aka kafa masa rumfar kwano, ya cika ta da kantoci, mutane daga ƙasashe dabam dabam suna aiko masa 'yan takardu, kowace da jimla guda da aka tsinto daga wani littafi, don a ga yadda aka yi amfani da kalma, da shekarar da aka yi. Bayan shekara 5, a 1884, kashi na farko ya fito, daga A bai wuce Ant ba. Masu kuɗin aikin suka yi ta matsa masa ya yi sauri, shi kuwa ba ya sakin kalma sai ya bi sawunta iyakar inda ya ga farkonta. Masu iya magana sun ce yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya, amma rijiyar nan ta fi ƙarfin ran mutum guda. Murray ya rasu a 1915 yana cikin harafin T. Abokan aikinsa suka ci gaba, sai a 1928 aka kammala, da kalmomi fiye da 400,000. Diligence tana ciki, a harafin D, wanda shi da kansa ya tsara.