Kwana Tara Ina Kai Abinci Ga Wanda Ban Gani Ba

Wannan makon layi ya zo kaina, ga abin da ya daɗe yana ci mini rai.

Shekara biyu da suka wuce aka kama ɗan kawuna, bakanike ne a nan Zuru, bisa zargin babur ɗin da ya gyara na sata ne. Ni aka ɗora wa kai abinci. Kwana tara ina zuwa safe da yamma da kula a hannu. A karɓa a bakin ƙofa, a sa ni in ɗanɗana, a ce in tafi. In na roƙi ganinsa, a ce ana bincike. Ba zan faɗi wurin ba, don ba ƙara na kawo ba.

Ranar da aka sake shi ba tare da an kai shi kotu ba, Inna ta zuba masa tuwo, ya kasa kai loma baki. Wuyan hannayensa duk shatin igiya. Har yau bai ba mu labarin ba.

Daga baya na gane cewa doka tana nan, mu ne ba mu san ta ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce alƙalin majistare ya riƙa ziyartar ofisoshinsu duk wata, ya duba littafin waɗanda aka tsare, har ya ba da beli inda ya dace. Tun 2009 Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta ce a samar da masu sa ido masu zaman kansu a wuraren tsare mutane.

Dalilin a fili yake: ba a ba kura ajiyar nama. Mai riƙe da mabuɗi ba zai binciki kansa ba. A Satumbar 2019, da aka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, an fito da mutum fiye da 300, wasu da mari a ƙafa. Da akwai mai leƙawa a kai a kai, da abin bai kai haka ba.

Na san abin da wasunmu za su ce. Mun binne mutane a Danko-Wasagu da Sakaba saboda 'yan bindiga, jami'an tsaro ma an kashe nasu, wa ke da lokacin tausayin wanda ake zargi? Ni ma zafin yana raina. Amma duka yana sa mai gaskiya ya amsa laifin da bai yi ba, a rufe bincike, mai laifin yana yawo a kasuwa.

Kuskurena shi ne na yi kwana tara ban nemi lauya ba, ban sanar da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ba, sai haƙuri nake ba Inna. Don haka nake tambaya: a garinku, kun taɓa jin alƙali ya kai irin wannan ziyara? Wanda ya sani ya faɗa mana a ƙasa.

Allah ya kare mu daga zalunci, ya hana mu zaluntar wani.