Daga Funtuwa zuwa Malumfashi, a kan sawun saiwa

Da hantsi muka bar tashar Funtuwa, kaka ta kama, masara a tsaye ta bushe, auduga ta fara fashewa fari fat a gefen titi. Abin da ya fito da ni wani tsiro ne da na karanta labarinsa, baleriyan, wanda manoman Folan da Jamus ke shukawa kunya-kunya. Da kaka su tone saiwarsa, su wanke, su shanya, a yi maganin rashin barci da ita. Har iri suka tace masa, kamar Lubelski na Folan. Na so in ga ko namu magungunan sun sami irin wannan gata.

A kasuwar Bakori na durƙusa gaban wani dattijo mai magani. Ya baje sassaƙen maɗaci, tazargade, da saiwar sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna.

Na ce, "Baba, a gonarka kake noma su?"

Ya girgiza kai. "Ɗana, wa ke shuka sanya? Daji muke shiga mu tono. Da can bayan gari ake samu, yanzu sai an yi nisa, dajin kuma ka san halin da yake ciki."

Maganar nan ta tsaya mini a rai har muka shiga Malumfashi. Duk bishiyar da aka tuge saiwarta ta tafi ke nan, ba kuma wanda ya dasa madadinta. Alhali masarar da na wuce da audugar nan, yawancinsu irin da aka inganta ne, kuma cibiyar binciken noma ta Samaru, wadda ta faro tun 1922, ta daɗe tana fitar da irinsu da sunan SAMMAZ da SAMCOT.

Zogale kaɗai na ga ya tsira. A wani gida da na sauka yin azahar, uwar gidan ta nuna mini layinsa a jikin danga. Daga bishiyar da ta fi ganye take yankar reshe ta dasa, sauran ta bar wa awaki. Abin da masana ke kira zaɓen iri ke nan, tana yi ba tare da takarda ba.

Manoman Funtuwa da Malumfashi, da ku malaman Samaru, ku ware wa sanya da tazargade ko da kunya goma ce a daminar baɗi.