Inci biyun da na ƙara wa motata

Aikina binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, kuma ƙauyukan da ke neman rijiyar burtsatse ba kasafai suke bakin kwalta ba. Shi ya sa na daɗe ina riƙe da tsohuwar Toyota Land Cruiser, samfurin 80 da ya fito a 1990. Motar a kan sifirin huɗu take zaune, irin murɗaɗɗen nan, ba fallayen ƙarfe da ake jerawa a ƙarƙashin manyan motoci ba. Shekaru da lodi sun sa na bayan sun saki, har ta kai in na zuba na'urori da jarkokin ruwa sai bayanta ya durƙusa, fitilunta su koma haska rassan itatuwa.

Da na shiga neman magani a intanet, kusan kowace hanya Ostareliya ta kai ni. A can wannan sana'a ta bunƙasa, domin mutum kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a daji ɗauke da mai da ruwa da abincinsa. Kamfanoni irin su ARB, mai tambarin Old Man Emu, da Dobinsons suna ƙera sifirin da ke maye gurbin na asali, wanda yawanci yakan ɗaga mota kimanin milimita 50, wato inci biyu. Hotunan motocin suka tafi da hankalina. Ban sayi na waɗannan kamfanoni ba. Wasu na samu a hannun wani ɗan kasuwa, na kuma zaɓi mafi tauri, wanda aka yi domin motar da ba a sauke mata kaya. A tunanina, mafi ƙarfi shi ne mafi kyau.

Tsohon makanikena ya juya sifirin a hannunsa, ya ce, "Injiniya, me kake ɗauka kullum?" Na ce, "Baba, ni dai so nake ta tashi." Ya ce, "Za ta tashi." Bai ƙara ko kalma ba, ya ɗaura.

Sai daga baya na gane nauyin tambayarsa. Kowane sifirin yana da siffa biyu: tsawonsa da taurinsa. Tun 1678 Robert Hooke ya bayyana cewa lotsawar sifirin daidai take da nauyin da aka ɗora masa: a ninka nauyi, lotsawa ta ninku. Taurin kuwa ya dogara ƙwarai ga kaurin ƙarfen, domin in aka ƙara kauri da kashi 10 cikin ɗari, tauri kan ƙaru da kusan kashi 46. Ke nan tsayin da mota za ta zauna a kai sakamako ne na tsawon sifirin da taurinsa da nauyin da ke kansa. Wanda aka yi domin ɗaukar ɗaruruwan kilo dare da rana, in aka sa shi a motar da babu kaya, ba ya samun abin da zai lotsa shi. Duk ramin da taya ta faɗa, jikin fasinja ne zai karɓa.

Mahaifiyata ce ta fara shaida hakan. Na ɗauke ta zuwa asibiti da ciwon baya, ba mu yi nisa ba ta dafa kujera ta ce, "Ɗan nan, mota ce wannan ko amalanke?" Na yi dariya, ita ba ta yi ba. A dawowa motar ƙanena ta shiga.

Darasi na biyu damina ce ta koya mini. A wata hanyar fadama da tayoyin tifa suka haƙe gefe biyu suka bar tudu a tsakiya, na kutsa da ƙwarin gwiwar mai doguwar mota, sai na ji ta zauna daram, tayoyi suna juyawa a banza. Sifirin gangar jiki yake ɗagawa. Sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, da ƙullin giyar da ke tsakiyarta, suna nan inda suke, domin girman taya ne kaɗai ke nisanta su da ƙasa. Ɗagawar tana hana goshi da ciki da bayan mota gugar tudu, tana kuma ba da sararin sa manyan tayoyi, amma ba ta ƙara ko milimita ɗaya a ƙarƙashin wannan ƙulli. Samarin ƙauye takwas ne suka fitar da ni.

Na uku shi ne wanda har yau nake tunawa da faɗuwar gaba. Ina tafe da 'ya'yana biyu, kaya a kan kariya, akuya ta tsallako. Na kauce, motar ta karkata irin yadda ban taɓa ji ba, sitiyari ya yi jinkirin dawowa. Allah ya tsare. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk abin da cibiyar nauyinsa ta yi sama alhali faɗin ƙafafunsa bai ƙaru ba, ya fi saurin kifewa. Ga kuma abubuwan da ban gyara ba. Ɗagawa tana rage kusurwar da ke sa sitiyari ya koma tsakiya da kansa, sai an sauya robobin hannuwan da ke riƙe ƙafar gaba. Shokazoba na asali ya yi gajarta. Tiyon birki yakan miƙe in taya ta sauka rami. A motata akwai ma bawul da ke auna lodi ta tsayin baya. In an ɗaga ta ba a saita shi ba, sai ya ɗauka motar ba kaya, ya rage ƙarfin birkin baya.

Na koma wurin Baba. Wannan karon mun hau sikelin manyan motoci sau biyu, da kaya da kuma babu, gaba daban baya daban. Muka gano cewa lodin da nake tinƙaho da shi kwana kaɗan ne a wata yake cikin motar. Muka sa sifirin mai matsakaicin tauri da shokazoba daidai tsawonsa, aka saita sitiyari da bawul, kaya masu nauyi suka sauko daga kariya zuwa ciki. Ya kuma tuna mini cewa sabon sifirin ba ya ƙara iyakar nauyin da aka rubuta wa mota, tunda birki da taya ba su canja ba.

Ban ce kada a ɗaga mota ba. Tawa har yanzu a ɗage take, tana kuma kai ni inda da ba ta zuwa. Sai dai wanda zai saya ya fara auna abin da yake ɗauka kullum, ya lissafa kuɗin sauran gyaran tare da na sifirin. A watan jiya mahaifiyata ta sake shiga motar. Barci ta yi har muka isa.