Ni'imar Da Ke Kan Igiyar Shanya



A wannan mako za mu yi magana ne a kan wani abu wanda da yawa za su ga ya yi ƙanƙanta a kawo shi shafin jarida, watau shanya tufafi a rana. Mai yiwuwa wani attajiri ko wani ma'aikacin gwamnati ya ga kan maganar ya yi murmushi, ya ce ai wannan zancen mata ne da yara. To, a yi mana haƙuri kaɗan, wankin hula ba zai kai mu dare ba. Abin da ya jawo maganar shi ne, mun lura a 'yan shekarun nan igiyar shanya ta fara zama abin kunya a gidajen waɗanda Allah Ya buɗa wa, alhali kuwa tana ɗauke da wata ni'ima wadda mutanen wasu ƙasashe sai da suka kai ƙara majalisa kafin su same ta.

Duk wanda ya taɓa wanke rigarsa da hannunsa ya san daɗin da muke nufi. Ka cuɗa, ka ɗauraye, ka matse, ka kaɗe ta a iska har ta yi ƙara kamar bulala, sa'an nan ka rataya ta a igiya ka ja da baya. Daga nan aikinka ya ƙare, sauran na rana ne da iska. Sai ka ga farar riga ta cika da iska ta kumbura kamar akwai mutum a ciki, hannuwanta na kaɗawa, inuwarta na rawa a ƙasa, ruwa na ɗiga daga gefenta yana yin ƙananan ramuka a rairayi. In ka dawo ka taɓa ta, sai ka ji ta bushe ƙayau, da ɗumi, da wani ƙamshi wanda ba na sabulu ba ne, ba kuma na turare ba. Mutum ya kan kai ta hanci ba tare da ya yi niyya ba. Wanda ya kwanta a kan zanen gadon da aka kwaso daga rana da la'asar ya san barcin wannan dare daban yake.

A ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram kowane lokaci na shekara da irin shanyarsa. Da bazara, watau daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura awo 40 a ma'auni, kafin ka gama wanke tufa ta ƙarshe ta farko ta bushe, har babbar riga ta shadda mai nauyin aiki ba ta kai azahar a kan igiya. Sai dai wannan rana ba ta da sabo da launi: atamfa da rinannen yadi in ba a juya cikinsu waje ba, ko a kai su inuwa mai iska, ba a jimawa sai su koɗe. Da hunturu kuwa, ko hazo ya rufe rana, busasshiyar iskar arewa maso gabas kan zuƙe ruwan tufa nan da nan, amma ta kan bar mata ƙura, don haka mai farin kaya ba ya barinsu su wuni.

Damina ita ce mai koya wa mutum darajar rana. Kudancin Jigawa ya fi su Gumel da Maigatari samun ruwa, kuma in marka ta zauna a watan Agusta a kan yi kwana biyu ko uku ba a ga idon rana ba. Sai ka ga an ja igiya a zaure da ɗaki, kaya sun ƙi bushewa, sun ɗauki warin danshi, wasu har da funfuna. Ranar da gari ya washe kuwa, kowane gida sai ya zama kamar kasuwar 'yan tufafi. In hadari ya taso daga gabas, sai ka ji murya daga wannan gida zuwa wancan ana cewa, “A kwashe shanya!” Yara su fito da gudu, maƙwabciya ta kwashe nata ta haɗa da na wadda ta tafi unguwa, ta linke ta ajiye mata. Zumuncin da ke cikin wannan ɗan ƙaramin aiki ba ƙarami ba ne.

Amma a ganinmu shanyar kaka ta fi kowace daɗi. Ruwa ya ɗauke, sama ta yi garau, ƙurar hunturu ba ta iso ba tukuna. Abin da kawai ke akwai shi ne rigimar wuri, domin a lokacin barkono da kuɓewa da zoɓo da gyaɗa duk suna neman rabonsu na rana a tsakar gida ɗaya.

Mun fara sanin wannan daɗi ne tun muna almajirai a wata makarantar allo a ƙasar Gwaram, a farkon shekarun 1980, lokacin yankin yana cikin Jihar Kano, tun ba a ƙirƙiro Jigawa a 1991 ba. Ranar Alhamis ba karatu, saboda haka ita ce ranar wanki. Mu kan tafi kogi da hantsi, kowa da ɗan guntun sabulunsa, wanda ba shi da shi ya jira kumfar ɗan'uwansa. Da yawanmu riga ɗaya gare mu, don haka in an wanke an shimfiɗa a kan ciyawa mai tsafta, sai a zauna daga mu sai wando ana jiran ta bushe, wasu na tilawa, wasu na iyo, wasu na gardamar wanda tasa ta fi fita. Rigar Malam kuwa ba kowa ake ba wa ba, sai babban almajiri wanda aka yarda da hankalinsa, kuma ranar da aka fara miƙa wa mutum ita ya kan ji kamar an naɗa shi sarauta. Da muka koma Birnin Kudu neman ƙarin karatu, sai muka tarar da wata hikimar. Garin yana kewaye da duwatsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu zanen shanu na mutanen dā, kuma falalen dutse ya fi kowace igiya saurin busarwa, domin zafi na zuwa wa tufa ta sama da ta ƙasa. A share wurin, a shimfiɗa riga a miƙe ta sosai, a danne kusurwoyinta da ƙananan duwatsu. In ta bushe sai ka rantse an yi mata guga. Da ita za a je masallaci ranar Juma'a, kuma babu wanda zai raina mai ita.

Abin da iyayenmu suka sani ta hanyar gwaji, masu bincike sun zo sun tabbatar da shi. A shekarar 1877 wasu Turawan Ingila biyu, Arthur Downes da Thomas Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, yana kuma kashe su. Ashe ba a banza ba ne tsofaffi ke cewa a fitar da katifa da bargo da tsumman jariri su sha rana. A shekarar 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Kopenhagen ta ƙasar Denmak suka wanke tawul, suka shanya wasu a ɗaki, wasu a waje cikin inuwa, wasu a rana, sai suka tarar waɗanda suka sha rana sun fitar da wasu sinadarai masu ƙamshi, irin waɗanda ake samu a tsirrai da turaruka, waɗanda sauran ba su fitar ba. Watau ƙamshin nan da muke ji ba zato ba ne, rana ce ke haɗa shi a jikin rigar tun tana da danshi. Haka kuma likitoci sun yi gargaɗi game da wani ƙuda na ƙasashenmu, wanda ke saka ƙwai a ƙasar da fitsari ya ɓata, ko a jiƙaƙƙen tufa da aka bari a inuwa. In an sa tufar sai tsutsa ta shiga fata ta yi maruru. Maganinsa shi ne igiya, da rana sosai, da guga mai zafi.

A nan ne maganar ta taɓo fiƙihu, kuma wajibi ne mu tsaya a kanta, domin an sha yi mana tambaya. Wasu suna zaton in najasa ta taɓa tufa, aka shanya ta bushe har alamar ta ɓace, shi ke nan ta tsarkaka. A mazhabarmu ta Imamu Malik ba haka ba ne. Rana aikinta busarwa, tsarkakewa aikin ruwa ne, kuma ruwan da bai canja launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba. Ko a mazhabar Imamu Abu Hanifa, inda aka ce ƙasa ta kan tsarkaka in ta bushe alamar najasa ta gushe, hukuncin na ƙasa ne, bai shafi riga ba. Saboda haka ruwan kumfa yana fitar da datti, amma ɗaurayar ƙarshe da ruwa tsantsa, har ya riƙa fita garau, ita ce ke halatta salla da tufar. Wanda ya tabbatar najasa ta taɓa kayansa ya wanke wurin. Wanda ya yi shakkar ko ta taɓa, ya yayyafa ruwa ya wadatar, kamar yadda ɗalibai ke karantawa tun a littafin Ahalari. Sa'an nan a kula da inda ake shanya. Jiƙaƙƙen tufa in an shimfiɗa shi inda yara ke fitsari ko inda ake ɗaure jaki, an wanke ne an koma an ɓata. Fitsarin akuya da tunkiya da saniya kuwa, matuƙar ba sa cin ƙazanta, ba najasa ba ne a wurinmu, ko da yake tsafta ba ta yarda da shi ba.

To, mu dawo kan abin da ya dame mu. Yanzu in Allah Ya hore wa mutum ya sayi fili, sai ya cika shi da gini tun daga wannan katanga har zuwa waccan, ɗan abin da ya rage a rufe shi da kwano domin mota. Ba a bar wa rana ƙofar shiga ba. Iyali kuma su rasa wurin shanya, sai a kan ƙarfen taga, ko a banɗaki, ko a kan katangar maƙwabci ruwa na zuba masa, ko a fito da tufafin mata bakin titi inda bai kamata idon kowa ya gan su ba. Mun taɓa jin wani mai hali yana faɗa wa iyalinsa a cire igiya domin baƙi za su zo, kamar dai wanki abin ɓoyo ne. Wasu kuma sun fara sayen injin busar da kaya, suna ganin ci gaba ke nan.

Ba mu ce injin haramun ne ba, kuma mutanen ƙasashen sanyi, waɗanda kan yi watanni rana ba ta da ƙarfi, suna da uzurinsu. Amma mai ciniki ya san lissafi. Irin wannan inji ya kan ci wuta tsakanin yunit 2 zuwa 4 a zubi ɗaya. A watan Afrilu na 2024 an kai kuɗin yunit ɗaya Naira 225 ga masu rukunin A. A wannan farashi, zubi ɗaya mai cin yunit 3 ya tashi Naira 675, domin aikin da rana ke yi kyauta kafin azahar. Daɗin daɗawa, a Amurka, inda yawancin gidaje ke da injin, ƙungiyoyin masu gidaje na unguwanni da yawa sun haramta shanya a waje, wai tana zubar da darajar unguwa. Sai da mutane suka tashi tsaye, jihohi irin su Florida da Colorado da Vermont suka kafa dokar da ta hana a hana mutum kafa igiya a gidansa. Abin da su suka nema da doka, mu an ba mu shi tun daga hantsi har la'asar, yawancin kwanakin shekara, muna neman mu toshe shi da bulo.

Saboda haka muna da shawara uku. Ta farko ga mai shirin gini: kafin magini ya ja layi, a ware tsakar gida inda rana ke sauka, a kafa sanduna biyu, a ja igiya, wuri mai sutura wanda mata za su shanya kayansu cikin sakewa. Ta biyu ga mai ba da wanki waje: mai wanki da guga jarinsa sabulu ne da gawayi da ƙarfin damtsensa, in ya kawo kaya a biya shi nan take, kada a shanya shi a ƙofar gida kamar yadda ya shanya rigunan. Ta uku ga maigida kansa: ya tabbata daga Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya kasance yana taya iyalinsa aikin gida, yana kuma gyara tufarsa da hannunsa. Don haka girman ma'aikaci ko attajiri ba zai ragu ba in ranar hutu ya wanke hularsa da rigarsa ta Juma'a, ya shanya, ya koya wa 'ya'yansa maza yadda ake ɗauraya da yadda ake matsewa. Yaron da ya iya wanke rigarsa ba zai wulaƙanta ba duk inda karatu ko fatauci ya kai shi.

Allah Ya tsarkake zukatanmu fiye da tufafinmu, Ya sa mu cikin masu gane ni'ima tun tana hannu, Ya kuma ba mu ikon gode mata.