Harajin Zama Dodo

Akwai wani wasa da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, sunansa Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar sukan kewaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa, alƙalin wasa yana jan labari, ana jefa 'ya'yan ludo masu fuska da yawa domin a san wanda ya yi galaba. Kowane jarumi daga mataki na ɗaya yake farawa, yana tara maki yana hawa. Muddin jaruman 'yan Adam ne, lissafin ba shi da wuya. Gardama takan tashi ne ran da wani ya ce shi dodo yake so ya zama.

Littafin farko bai hana ba, sharaɗinsa kawai dodon ya fara yana ƙarami rarrauna. Amma a 1979 Gygax ya ja kunnen alƙalai a kan haka, yana ganin duniyar wasan ta ɗan Adam ce. Dalilin a fili yake: idan ɗaya ya zo da ƙato mai tumɓuke bishiya, sauran kuwa da samari masu koyon riƙe takobi, to, su sun zama 'yan kallo a wasan da aka taru a yi tare.

A 2003 kamfanin Wizards of the Coast ya shimfiɗa cikakken lissafi, cikin littafin Savage Species da bugun wasan na 3.5. Lamba uku ake haɗawa: matakan da aka haifi dodon da su, da matakan sana'arsa, watau yaƙi ko tsafi, sa'an nan wani ƙari wanda ba abin da ya fi dacewa da shi irin sunan haraji. Jimlarsu ita ce matsayinsa a tebur. Alal misali, dodo mai kan sa na tatsuniyar Girkawa yana da matakan haihuwa 6 da haraji 2, watau tun bai koyi sana'ar kome ba yana daidai da jarumi mai mataki 8. Mai shan jini kuwa harajinsa kaɗai 8 ne.

A takarda wannan adalci ne. A tebur fa? Matakan haihuwa ko ba kome suna ƙara wa dodo juriya. Na haraji fanko ne, ba su ba shi ko ƙwayar makin rai. A dubi aljanin ƙarƙashin ƙasa da ake kira dirau, mai haraji 2. Idan ya zaɓi tsafi, zai shiga cikin 'yan mataki na 3 da makin rai wajen 3, alhali mayaƙin da ke gefensa ya haura 20. Sara ɗaya ya ishe shi. Kuma kafin ya hau mataki na gaba sai ya tara maki 3,000, inda ɗan Adam sabon shiga 1,000 yake nema. Abin da ya fi ciwo shi ne, baiwar da ya biya wa harajin, irin su gani cikin duhu, tafiya kaɗan ta zama abin da kowane matsafi ke yi da ƙaramin siddabaru, amma harajin yana nan. Ran da takwaransa ya kai mataki na 17 ya buɗe tsafi mafi girma, shi yana na 15. Lalle an yi masa awon ranar farko ne, aka ɗora masa kuɗin har ƙarshen tafiya.

Masu wasan sun ga wannan, gama a 2004 littafin Unearthed Arcana ya ba da damar fansar harajin da maki. Bugu na huɗu a 2008 ya yar da shi ɗungum, na biyar a 2014 bai maido shi ba. Hanyar da aka bi ita ce a sassaƙe dodon har ya yi daidai da kowa, ya fara daga mataki na ɗaya. Gardama ta kwanta, amma da tsada, domin wanda ya nemi zama dodo girman da ban tsoron yake nema. A littafin dodanni na 2014 mai kan sa yana cikin rukunin ƙatta; wanda aka miƙa wa 'yan wasa a 2018 kuwa rukunin girmansa ɗaya da ɗan Adam, sai dai an bar masa ƙahonsa.