Auta Ta Gama

Laraba
Auta ta bugo waya daga Samaru, ta karɓo rigar bikin yaye ɗalibai har da hular nan mai tuntu. Inna ta sa aka kara mata wayar a kunne. Hamdala kawai take ta yi.

Alhamis
Rigimar su wa za su je ta cinye yinin. Kawu ya ce ko a tsaye ne sai ya shiga motar, tunda ragonsa ne ya biya rajistar shekarar farko. Goggo ta tuna mana kwasar adashinta. Ba gori suke yi ba, kowa yana da hannu a takardar kammala karatun nan kuma ya san haka.

Da dare na zauna ina lissafi. Karatun shekara huɗu ya ci shida: korona da yajin aikin malaman jami'o'i a 2020, sai na 2022 da ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A wannan zaman gidan ne maganar "a aurar da ita kawai" ta yi ƙarfi. Inna, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ita ta ce sai yarinyarta ta ƙarasa abin da ta fara.

Juma'a
Dambu, waina, zoɓo. Barci kaɗan.

Asabar
Mun bar Funtuwa bayan asuba, muka bi ta Giwa da Shika. Tun daga ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello jama'a ta cika maƙil. Kawu yana ta faɗa wa yara cewa a 1962 aka buɗe ta, kuma Sardauna ne uban jami'ar na farko.

Ba a kira sunan Auta ita kaɗai ba. Shugaban tsangayarsu ya gabatar da su gaba ɗaya, suka miƙe tare. Daga inda muke ba ma iya hango ta, amma Inna ta rangaɗa guɗa yadda ta saba a gidan biki. Wata mata daga Binuwai da ke kusa da mu, mai ɗa a tsangayar, ta rungume ta. Ba sa jin yaren juna. Daga baya tabarma ɗaya muka shimfiɗa da iyalinta, suka ci dambunmu, muka ci doyarsu.

Da Auta ta fito ta durƙusa gaban Inna, sannan ta cire hular ta ɗora mata a kan mayafi.

"Yaya, ɗauke mu," ta ce da ni. Hannuna na rawa na ɗauka.

Lahadi
Maƙwabta sun yi ta shigowa barka har bayan isha'i. 'Yar maƙwabcinmu ta tsare Auta da tambayar makin JAMB nawa ake nema. Gobe Auta za ta mayar da rigar. Inna da Kawu kuwa har sun fara gardama kan jihar da za a tura ta bautar ƙasa.