Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Mutanen Machina, da yake ma'abota dawaki ne, sun san ba a sauya wa doki linzami ranar hawa. To, haka al'amarin kwamfuta yake ga masu sana'ar ɗaukar waƙa.

Akwai wani mai sutudiyo a Nguru wanda mawaƙan Machina da na Gashuwa ke kai wa aiki. Har yanzu da Windows 7 yake haɗa kiɗa, wadda ta fito tun 2009. Abokansa na yi masa ba'a, wai zamani ya wuce shi. Shi kuwa yana da hujja. Akwatin sautinsa tsoho ne, 'yar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta kuma ba don Windows 11 aka yi ta ba. In ya sauya, murya na iya tsinkewa ko ta makara a bayan kiɗa. Mawaƙin da ya biya kuɗin mota, ga biki gobe, ba zai saurari uzuri ba.

Amma fa bai yi sakaci ba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 ran 14 ga Janairu, 2020, saboda haka ya raba kwamfutar da intanet, ba ya sa mata filashin kowa, kowace waƙa kuma yana ajiye kwafinta dabam. Sabuwar manhaja kuwa a wata kwamfuta yake gwada ta, sai ta yi watanni ba tangarɗa sa'an nan zai ƙaura.

Jama'a, wanda abincinsa ke cikin na'ura, ai ba ya gaggawa. Allah Ya ba mai sana'a sa'a, amin.